Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministocin Lafiya da na Noma: Ƙiba Ta Shigo Ƙauye, Takardunku Ba Su Gan Ta Ba

Zuwa ga masu girma ministocin lafiya da na aikin gona na ƙasashe masu tasowa, da shugabannin ƙungiyoyin da ke zuba kuɗi a shirye-shiryen yaƙi da yunwa da talauci a karkara.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar lafiya ce. Na daɗe ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye, irin wanda ɗaki biyu ne da rumfa, da benci guda da masu jira ke zama a kai. Ina magana ne da yawun abokan aikina da ke irin waɗannan wurare, da kuma matan da ke zuwa mana awo, waɗanda har abada ba za su sami damar zama a gabanku ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sabuwar takardar rahoton wata da aka aiko mana. An ƙara mata gurabe da yawa, an ƙawata ta, amma na duba ta gaba da baya ban ga gurbi ko ɗaya da zan rubuta nauyin babban mutum ba. A idon wanda ya tsara ta, mutumin ƙauye ramewa kawai yake yi.

Bari in ba ku labarin abin da takardar ta ƙi karɓa. Wata mata ta kawo mini ɗanta mai shekara biyu. Na naɗa masa ɗan tef ɗin nan na awon dantse mai launin ja da rawaya da kore, ya tsaya a rawaya, alamar tamowa ta fara kama shi. Tsawonsa bai kai na tsaransa ba. Na rubuta, domin shi yana da gurbi. Da na ɗago kai sai na ga uwar tana haki, alhali gidansu ba nisa. Zoben hannunta ya nutse a cikin yatsa, idon sawunta ya kumbura. Sikelinmu na ratayewa ne, na yara, iyakarsa kilo 25, don haka sai da na aika aka aro mini na wani mai sayen hatsi. Nauyinta kilo 68, tsawonta mita ɗaya da rabi. Idan aka raba nauyi da tsawo, aka sake raba abin da ya fito da tsawon, ana samun 30 da ɗoriya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta. Na tambaye ta abin da suka ci jiya. Da safe shayi mai sukari cokali uku da farin burodi, da rana taliyar leda da mai, da dare dafaffen hatsi ba ganye ba nama. Suna da kaji, amma ƙwan kasuwa ake kai shi. Ta ce mini, tana murmushi, ai yanzu sun ji sauƙi, tun da aka yi hanya maigidan ya sayi babur yana haya, ba sa kwana da yunwa kamar da. Gaskiya ta faɗa. Tukunya ɗaya ce ta tsumburar da ɗan, ta kumbura uwar.

Kukana na farko ke nan: ba ku ƙirga abin, alhali masu ƙirgawa sun daɗe da faɗa muku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, manya biliyan 2.5 nauyinsu ya wuce kima, miliyan 890 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin cuta, kuma adadin manya masu ƙiba ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Na san abin da za a ce, wai matsalar birni ce, ta masu mota da zaman ofis. To, a 2019 mujallar Nature ta buga binciken da aka auna tsawo da nauyin manya sama da miliyan 112 a ƙasashe da yankuna 200, daga 1985 zuwa 2017, wanda Majid Ezzati na kwalejin Imperial da ke Landan ya jagoranta. Sun gano cewa fiye da kashi 55 cikin ɗari na ƙaruwar nauyin mutane a duniya daga karkara ya fito, a wasu yankunan masu ƙaramin ƙarfi ma ya haura kashi 80. Don kada in yi muku ƙarin gishiri, binciken ya ware matan Afirka kudu da Sahara, inda har lokacin matan birni suka fi saurin ƙara nauyi. Amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya san abin da ya kamata ya yi da nasa. A shekarar 2019 ɗin dai mujallar Lancet ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suna ɗauke da tamowa da ƙiba a lokaci guda. Masana sun ba abin suna mai nauyi. Mu dai abin da muke gani uwa ce mai teɓa goye da ɗa mai tamowa.

Kuka na biyu shi ne ya fi ci mini rai, kuma a kansa zan daɗe: kun ɗauka idan kuɗi ya shiga gida, abinci mai kyau zai biyo shi da kansa. Da ma haka ne. Ku tsaya ku ga yadda ƙarin kuɗi kaɗan yake tafiya a gidan da ya saba da babu. Magidancin da ya yi shekaru yana jin kukan yara da dare, ranar da ya sami ɗan rara ba lissafin sinadaran gina jiki yake yi ba. Tambayarsa ɗaya ce, da wannan ɗan abin, me zan saya kowa ya ƙoshi? Amsar kuwa kusan ko'ina a duniya iri ɗaya ce: sukari, mai, farin gari, farar shinkafa, taliya. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na sitaci ko sukari 4, ganye kuwa kusan ruwa ne. Da kuɗin da zai sayi kayan lambun da ba za su kai gobe ba, zai sayi man da zai yi mako yana sa ciki ya yi shiru. Wa zai ce ya yi wauta? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan halin da abinci ke ciki na 2020 ya ƙiyasta cewa abinci mai lafiya ya ninka abincin cika ciki kawai kusan sau biyar a tsada, na 2024 kuma ya ce mutum sama da biliyan 2.8 ba su da halin sayensa a 2022. Tsakanin yunwa da abinci mai lafiya akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazarar miliyoyin gidajen karkara suke zaune yanzu: sun fi ƙarfin yunwa, abinci mai kyau ya fi ƙarfinsu. A nan ƙiba take yin sheƙa.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa kamawa. Wanda ya tashi yana ganin lemon kwalba a hannun masu hali kawai, ranar da ya iya saya wa 'ya'yansa, ba ruwan sukari ya saya ba, mutunci ya saya. Na sha ganin uwa ta ba yaro biskit tana kallonsa da farin ciki irin na wadda ta cika alkawari. A wurare da yawa ma idan mace ta yi jiki, yabo ake yi, ana cewa ta samu kwanciyar hankali. Ba za ku iya kawar da wannan da hoton bango ba.

Masu bincike sun ga yadda abin yake juyawa. A ƙasar da ke cikin tsananin talauci, masu kuɗi ne suke ƙiba. Da arziƙin ƙasa ya ɗan motsa, sai kayan ya sauka daga kansu ya koma kan talakawa, mata kuma su ne na farko. Carlos Monteiro na Brazil da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa juyin yana farawa ga mata ne idan abin da ƙasa ke samu a shekara ya kai wajen dala 2,500 a kan kowane mutum. Wato ci gaban da kuke alfahari da shi a jawabanku, shi ne ƙararrawar. Ga kuma darasin Meziko. A 1997 ta fara shirin Progresa, wanda daga baya ya koma Oportunidades, ana ba gidajen talakawan karkara kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti. Shirin ya yi wa yara amfani, ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi. Amma binciken da aka buga a 2008 ya gano cewa a cikin manyan gidajen da ke karɓa, waɗanda suka fi tara kuɗin sun fi nauyi, jininsu kuma ya fi hawa. Kada wani ya ɗauki wannan ya ce na ce a yanke tallafi. Allah ya kiyaye. Na ga abin da rashin kuɗi yake yi wa jariri, ba na fatan in sake gani. Abin da nake cewa shi ne kun ba mutum kuɗi kun tura shi kasuwar da ba ku leƙa ba.

Kasuwar kuwa da hannunku a cikin yadda ta zama, kuma nan ne kukana na uku, musamman ga ministocin noma. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ce tsakanin 2013 da 2018 gwamnatocin duniya sun riƙa tallafa wa abinci da noma da kusan dala biliyan 630 a kowace shekara, kuma kaso mai tsoka ya tafi ne ga hatsi irin su shinkafa, da sukari, da nama da madara, yayin da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa suka samu kaɗan, a wasu ƙasashen ma matse su ake yi. Sakamakon a bayyane yake. Malamin gona yana zuwa da irin hatsi da taki, ba ya zuwa da irin ganye. Manomin da ya yi ƙoƙari ya shuka tumatir ko alayyafo, duk ƙauyen lokaci guda suke girbi, babu wurin sanyaya kaya, babu mota a kan kari, sai ya sayar da arha ko ya zubar. Bayan wata biyu kuma a neme su a rasa. Kayan leda kuwa ba ruwansu da zafi ko ƙura, suna iya wata shida a kan kanta ba su canza ba, kuma kamfanonin sun iya ƙulla su ƙanana daidai aljihun talaka. Hanyar da kuka gina don amfanin gona ya fita, ita ce motar lemo ta bi ta shigo, kuma ta riga motar allurar rigakafi isowa. Manomi ya sayar da wake da ƙwai da madara, ya sayo sukari da taliya. Ya fitar da abin gina jiki, ya shigo da abin cika ciki, kuma a takardunku an rubuta cewa kuɗin shigarsa ya ƙaru.

Sai maganar aiki. Injin niƙa ya maye gurbin dutse, famfo ya rage tafiyar rafi, babur ya rage sawu. Ba na kukan wannan ko kaɗan, wanda bai taɓa ɗaukar ruwa a ka na awa biyu ba ne yake yi wa wahala waƙa. Amma jiki ya rage abin da yake ƙonawa a daidai lokacin da abin da ke shiga ya ƙara maiƙo da zaƙi.

Akwai wani abu da yawancin masu tsara shiri ba su riƙe ba, wanda ya sa lamarin ya fi muni a karkara. Jikin da ya sha yunwa tun a ciki ko a goye ba ya mantawa. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 an yi tsananin yunwa a yammacin Holan saboda yaƙi. Da aka auna samarin da iyayensu mata suka yi farkon cikinsu a wannan yunwar, sa'ad da suka kai shekara 19, sai aka ga sun fi sauran yawan ƙiba. Likitan Ingila David Barker ya shafe rayuwarsa yana nuna alaƙar haihuwa da ƙarancin nauyi da ciwon zuciya da ciwon suga a girma. Matar nan da na ba ku labari, tsawonta mita ɗaya da rabi, ba mamaki ita ce yarinyar da ta tsumbure shekara talatin da suka wuce. Ɗan da ke bayanta kuma, idan ba a yi wani abu ba, shi ne mai hawan jinin gobe. Don haka raba ofishin tamowa da ofishin cututtukan da ba a ɗauka, kowa da motarsa da taronsa da takardarsa, raba mutum ɗaya ne gida biyu.

Idan cutar ta zo kuma, wa zai tare ta? Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ke da shi a 2021, kuma uku cikin huɗu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A birni mai suga yana iya gano kansa da wuri. A wajenmu ana gano shi ne ranar da ƙaya ta soki ƙafa a gona, gyambon ya ƙi warkewa, ko ranar da aka wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Na'urar awon jininmu ta daɗe da lalacewa. Ta gwajin suga tana nan, amma tsinkayen da ake ɗiga jinin a kai sun ƙare, kuma ba sa cikin jerin kayan da ake aiko mana. Wani dattijo da na tura babban asibiti ya dawo ba ƙafa ɗaya, ba gonar da aka sayar aka biya aikin. Jikarsa ta bar makaranta tana jinyarsa. Gidan da shirinku ya ɗaga daga talauci a shekara biyar, ciwo ɗaya ya mayar da shi a wata uku. An gudu ba a tsira ba.

Na ƙarshe a koke-koken, gajere ne. Idan aka tuna da mu, abin da ake aikowa shi ne hoton faranti da aka raba gida-gida, ga kifi, ga 'ya'yan itatuwa kala huɗu, a ce mu wayar da kan mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kada ya kai giram 5. Na yarda. Amma da wane baki zan faɗa wa matar da ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba, wadda ita ce ƙarshen ci bayan miji da yara sun ɗebe mai kyaun? An bar jaki ana dukan taiki.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku ɗaure kuɗin tallafi da abin da ke kasuwa. Duk inda za ku raba kuɗi ko ku ɗaga samun manomi, ku fara tambayar abin da kuɗin zai tarar a shagon ƙauyen. Wani kaso na tallafin ya zama takardar sayen ƙwai, wake, madara da kayan lambu daga manoman wurin, kuma ya shiga hannun matar gida. Da haka ƙwan zai daina fita, mai kajin kuma bai yi asara ba.

Ku juya wani ɓangare na tallafin noma zuwa lambu, wake da danginsa, kiwon kaji da kifi, da hanyoyin busarwa da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana. Ba sai kun ƙirƙiro kuɗi daga sama ba, waɗanda kuke kashewa ne za ku sake wa hanya. Ku kuma zama masu saye. Brazil ta yi doka a 2009 da ta wajabta cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ke bayarwa a sayi abinci da shi daga ƙananan manoma. Manomi ya sami kasuwa tabbatacciya, yaro ya ci sabon abinci. Makarantar da ake raba wa yara biskit da lemo da sunan ciyarwa, ku hana.

Ku sa wa lemon zaƙi haraji mai ciwo, ba na jeka-na-yi-ka ba. Gwangwani ɗaya yana iya ɗaukar sukari har giram 40, kusan ƙaramin cokali 10, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke samu daga abinci a rana, wajen cokali 12 ke nan ga babba, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Meziko ta sa harajin feso ɗaya (feso shi ne kuɗin ƙasar) a kan kowace litar lemon zaƙi a Janairun 2014, saye ya ragu da kashi 5.5 a shekarar farko da kashi 9.7 a ta biyu, kuma gidajen talakawa suka fi ragewa. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2018. Za a zo muku da cewa harajin talaka zai cuta. Ku tambayi mai faɗar haka wa ke biyan kuɗin yanke ƙafa. Kuɗin da aka tara kuma ku rubuta a doka cewa ruwan sha mai tsabta da asibitocin karkara za su tafi, domin a wasu ƙauyukan lemo ya fi ruwan kirki sauƙin samu.

Ku tilasta alamar gargaɗi a gaban leda, irin baƙin tambarin nan mai kusurwa takwas da ƙasar Chile ta fara a 2016, wanda ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Ku hana tallan irin waɗannan kaya ga yara da kuma a harabar makaranta. Ƙa'idar hana tallan madarar gwangwani a madadin nonon uwa tana nan tun 1981, ku aiwatar da ita har ƙauye, domin shayarwa tana kare yaro daga ramewa, tana kuma rage masa haɗarin ƙiba.

A 2013 ƙasashenku sun amince a babban taron lafiya na duniya cewa za a tsayar da hauhawar ƙiba da ciwon suga kafin 2025. Ba a tsayar ba. Ban zo in ci muku fuska da wannan ba, na tuna muku ne cewa alkawarin naku ne.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi arha. Kowane ƙaramin asibitin karkara a ba shi sikelin manya, da ma'aunin tsawo, da tef na awon ƙugu, da na'urar awon jini mai aiki, da tsinkayen gwajin suga da za a riƙa aikowa tare da sauran magunguna kowane wata, da maganin hawan jini da na suga na farko-farko, don kada sai mutum ya biya kuɗin mota ya je gari kafin ya sha ƙwaya. A koya mana yadda za mu yi wa mace maganar nauyinta ba tare da mun kunyata ta ba. Sannan ku dawo da takardar rahoton nan ku ƙara mata gurbi uku a gefen sunan yaro: nauyin uwa, tsawonta, da awon jininta. Matar nan za ta dawo awo a farkon wata, kuma mai hatsi ya ce yana buƙatar sikelinsa.

Na gode da kuka saurara. Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar lafiya a karkara, a madadin abokan aikinta da matan da ke zuwa awo.